Kuɗin Soja a Kamaru da Maƙwabtanta: Waiwaye Daga Garwa

1.0 Gabatarwa

Garin Pitowa yana kimanin kilomita 15 daga Garwa, a kan babbar hanyar da ta nufi Marwa da Kusuri, kuma ranar Lahadi kasuwarsa ke ci. Daga wannan yanki, iyakar Nijeriya ta yamma da iyakar Cadi ta gabas duk tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Saboda haka duk abin da gwamnatocin ƙasashen nan uku suka yanke game da soja da makamai, mutanen arewacin Kamaru na cikin waɗanda suke fara ji a jikinsu.

Wannan takarda za ta dubi tarihin kuɗin da Kamaru ke kashewa a kan soja, ta kwatanta shi da na Nijeriya da Cadi. Manufarta ita ce ta nuna cewa adadin da ake rubutawa a kasafin kuɗi ba ya isa a gane wanda ake karewa da kuɗin. Sai an tambayi abin da mai mulki ke tsoro a kowane zamani, domin can ne kuɗin ke tafiya.

2.0 Ma'aunan Kwatantawa

Masana kan yi amfani da ma'auni uku wajen kwatanta kuɗin soja. Na farko shi ne tsabar kuɗin, bayan an mayar da su dalar Amurka. Na biyu shi ne kason da kuɗin suka ɗauka daga jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Na uku shi ne abin da zai faɗa kan kowane mutum guda in an raba kuɗin da yawan jama'a. Alƙaluman da aka fi dogara da su su ne na cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke ƙasar Suwidin.

A ma'auni na farko Nijeriya ta yi wa maƙwabtanta fintinƙau. A 2021 ta kashe kimanin dala biliyan 4.5, wato ƙarin kashi 56 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabace ta. Kamaru kuwa, tun daga 2014 ta yi shekaru tana kashe abin da bai yi nisa da dala miliyan 400 a shekara ba, Cadi kuma a 2021 ta kashe ɗan abin da ya haura miliyan 300. Jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da Nijeriya ta biya Amurka dala miliyan 496 a kansu a 2018 sun fi kasafin sojan Kamaru na shekara guda sukutum.

A ma'auni na biyu sai jerin ya juye. Cadi ce kan gaba, da kimanin kashi 3 cikin ɗari a farkon shekarun 2020, kuma ta taɓa haura kashi 5. Kamaru na tsakanin kashi 1 da 1.5, Nijeriya kuwa a yawancin shekarun wannan ƙarni ba ta kai kashi 1 ba. A ma'auni na uku kuma sai a ga ƙasashen uku sun kusa zama ɗaya, domin a 2021 abin da ya faɗa kan mutum guda yana tsakanin dala 15 da 21 ne a dukkansu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Na ɗaya, a Kamaru jandarmomi suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, alhali a Nijeriya 'yan sanda kasafinsu daban. Na biyu, darajar kuɗi na iya yaudara. Da naira ta faɗi a 2023 da 2024, kasafin sojan Nijeriya ya ragu ƙwarai in an auna da dala, ko da yake ba a sallami ko bataliya ɗaya ba.

3.0 Zamanin Lamidai da Jamusawa

Tun kafin a san kasafin kuɗi, riƙon mayaƙa shi ne babbar ɗawainiyar masu mulkin wannan ƙasa. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ya kafa daular Fombina, wadda daga baya Yola ta zama hedikwatarta. Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba duk masarautu ne da ke ƙarƙashinta. Ƙarfin lamido a lokacin yana ga yawan dawakinsa da lifidinsa, kuma da bayin da ake kamowa daga ƙabilun da ba su musulunta ba ake sayen dawakin, a kuma biya gaisuwar Yola da Sakkwato. Ke nan yaƙi ne ke ciyar da yaƙi, waɗanda suka biya kuwa su ne mazauna duwatsu da ƙauyukan da ake kai wa hari. Fatake Hausawa ne suka riƙe babban kaso na wannan ciniki, kuma sarautun fada irin su Galadima da Sarkin Yaƙi har yau suna nuna wannan alaƙa.

Jamusawa sun zo da wani salo. Rundunarsu ƙarama ce, ta sojan haya daga yammacin Afirka, har da Hausawa a cikinsu. Sun so mulki mai arha, har ta kai a Disamba 1893 sojojin Dahomi da ke Duwala suka yi bore saboda rashin albashi da bulalar da aka yi wa matansu. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fice, Jamusawa kuma suka karya rundunarsa a Garwa a ƙarshen shekarar, suka sake karya ta kusa da Marwa a Janairu 1902. Bindiga mai ruwa guda ta fi ɗaruruwan barade.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojojin Jamus na dindindin a duk faɗin Kamaru ba su kai 2,000 ba. An tsara su ne don tanƙwara talakawa, kuma yanzu ga maƙwabta sun taso. Duk da haka, a ƙarshen Agusta 1914 sun kori rundunar Ingilishi da ta taso daga Yola ta faɗa wa ganuwar Garwa. Sai a ranar 10 ga Yuni 1915 garin ya faɗi, bayan Ingila da Faransa sun haɗa ƙarfi sun kawo manyan igwa. A kan dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben bai miƙa wuya ba sai a Fabrairu 1916. Bayan yaƙin aka raba ƙasar tsakanin Faransa da Ingila, aka ja sabuwar iyakar da ta zama tushen rigingimu daga baya.

4.0 Ahijo: Ƙaramar Runduna, Babban Majiɓinci

An kafa rundunar sojan Kamaru a Nuwamba 1959, 'yan makonni kafin samun mulkin kai ranar 1 ga Janairu 1960. Shugaban farko, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne. Abokin gabarsa a lokacin yana cikin gida, wato jam'iyyar UPC da Faransa ta haramta a 1955, wadda 'ya'yanta suka shiga daji a kudu da yamma. Yaƙin bai ƙare ba sai da aka harbe madugunsu na ƙarshe, Ernest Ouandié, a Janairu 1971. Sojojin Faransa sun taka babbar rawa a wannan yaƙi, kuma yarjejeniyar tsaro da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1960, suka sabunta a 1974, ta ba Ahijo damar riƙe ƙaramar runduna. Wanda ke da majiɓinci a Faris ba ya buƙatar tankoki da yawa.

A daidai wannan lokaci maƙwabciyarsa ta yamma ta bi wata hanya. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojojin Nijeriya kimanin 10,000 ne, a ƙarshensa sun kai kimanin 250,000. Kuɗin mai ya biyo baya, ɓarna ta biyo kuɗin. A 1975 ma'aikatar tsaron Nijeriya ita kaɗai ta yi odar siminti tan miliyan 16, har ɗaruruwan jiragen ruwa suka toshe tashar Legas wata da watanni.

Ahijo yana da dalilin jin haushin Nijeriya. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi shiga Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna. Ahijo ya kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan batun. Duk da haka bai shiga tseren makamai ba, domin ya san ba zai kai labari ba. A yaƙin basasa ya goyi bayan gwamnatin tarayya, ko da yake Faransa na taimakon Biyafara. Ranar 1 ga Yuni 1975 shi da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu a kan yarjejeniyar iyakar ruwa a Marwa. Da jami'an Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya biyar a bakin iyaka a Mayu 1981, Yawunde ta ba da haƙuri ta biya diyya, Shugaba Shehu Shagari kuma ya ƙi biye wa masu kiran yaƙi.

Abin da Ahijo ya fi kashe wa kuɗi da hankali shi ne tsaron kujerarsa. Rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa yawancinta 'yan arewa ne, wato mutanen da ya amince da su. Garwa kuma ta sami rabonta, har da babban filin jirgin sama, wanda daga baya ya zama sansanin jiragen yaƙi.

5.0 Biya: Daga 1984 Zuwa Bakasi

Ahijo ya sauka a Nuwamba 1982 ya miƙa mulki ga Paul Biya, mutumin kudu. Ba a daɗe ba suka ɓata. A Agusta 1983 aka raba babban lardin Arewa gida uku, Garwa ta rasa ikonta a kan Marwa da Ngaundare. Ranar 6 ga Afrilu 1984 wasu dakarun tsaron fada suka yi yunƙurin juyin mulki, sauran soja suka murƙushe su bayan kwanaki ana ba-ta-kashi a Yawunde. An kashe mutane da dama bayan shari'ar soja, yawancinsu 'yan arewa, aka rusa rundunar aka kafa sabuwa. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, can kuma aka binne shi.

Tun daga wannan rana Biya ya ɗauki darasin cewa soja ne suka tsare masa mulki, kuma ba a wasa da cikinsu. Hujja mafi bayyana ta zo a 1993. Tattalin arziki ya durƙushe, aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, amma babban ragin da aka yi a Nuwamba bai taɓa masu kaki ba. Wata biyu bayan haka, a Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Malamin makaranta da malamin asibiti suka koma neman na abinci ta wasu hanyoyi, soja kuwa albashinsa na nan. Wanda ya dubi alƙaluman waɗannan shekaru ba zai ga wani tsalle a kuɗin soja ba, amma matsayin soja a cikin al'umma ya ɗaukaka ƙwarai.

Rikicin Bakasi ya sake gwada tsohuwar dabarar Ahijo. A ƙarshen 1993 sojojin Janar Sani Abacha suka shiga tsibirin, a Maris 1994 Kamaru ta garzaya Kotun Duniya. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun ta ba ta gaskiya. Hukuncin ya shafi arewa ma, domin a Disamba 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a gefen Tafkin Cadi, har da Darak. Bayan yarjejeniyar Greentree ta 2006, aka kammala miƙa Bakasi a Agusta 2008. Ƙasar da kasafin sojanta ya fi ƙanƙanta ita ta yi nasara, da lauyoyi da tsofaffin taswirorin Turawa.

6.0 Cadi: Mai Ya Koma Makami

Maƙwabciyar gabas misali ce ta ɗaya ɓangaren. A 2003 aka fara tura man Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru. Bankin Duniya ya sa kuɗi a aikin bisa sharaɗin cewa za a kashe mafi yawan kuɗin man a kan ilimi da lafiya da hanyoyi, a kuma ajiye wani kaso don 'yan baya. Tun a 2000 Shugaba Idris Debi ya sayi makamai da dala miliyan 4.5 daga kafin alƙalamin da kamfanonin mai suka bayar. A Disamba 2005 ya sauya dokar, ya soke asusun 'yan baya, ya sa tsaro cikin abubuwan da za a fifita. 'Yan tawaye sun shiga Njamena a Afrilu 2006, sun sake shiga a Fabrairu 2008, a Satumba 2008 kuma Bankin Duniya ya janye hannunsa. A waɗannan shekaru ne kuɗin sojan Cadi ya haura kashi 5 cikin ɗari na arzikin ƙasar.

Wannan yaƙi ya iso har Pitowa. Dubban mutanen da suka tsallaka zuwa Kusuri a 2008, an kwashe wasu daga cikinsu zuwa sansanin Langi da ke wannan yanki, inda suka yi shekaru. Hausawa kan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

7.0 Kwanta-Kwanta, BIR da Boko Haram

Yaƙe-yaƙen Cadi tun daga 1979 sun cika yankin da bindigogi da tsofaffin mayaƙa marasa aikin yi. A shekarun 1990 'yan fashin hanya, waɗanda ake kira zargina ko kwanta-kwanta, suka addabi hanyoyin Garwa da Marwa da Kusuri, suna tare fatake da dillalan shanu ranar kasuwa, daga baya suka koma sace 'ya'yan makiyaya don neman fansa. Masanin tarihi Sa'ibu Isa na Jami'ar Marwa ya yi littafi guda a kan wannan lamari a 2010. Martanin gwamnati shi ne kafa wata bataliya ta musamman a 1999, wadda a 2001 ta zama rundunar ɗaukin gaggawa ta BIR, ƙarƙashin horon wani tsohon kanar na Isra'ila, Avi Sivan.

A nan ne kwatanta alƙaluma ke ƙara wuya. BIR tana karɓar umarni ne kai tsaye daga fadar shugaban ƙasa, kuma babban kaso na kuɗinta yana fitowa ne daga kamfanin man gwamnati na SNH, ta hanyar da ba ta bi ta ma'aikatar tsaro. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sha neman a rage irin wannan kashe kuɗi. Ke nan dala miliyan 400 da aka ambata a baya ba su ne duka ba. Nijeriya ma tana da nata ƙofofin. A Disamba 2017 gwamnoni suka amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don yaƙi da Boko Haram, kuma tun a 2015 aka gurfanar da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da kimanin dala biliyan 2.1 na makamai.

Boko Haram ta nuna kanta a Kamaru da sace iyalin wani Bafaranshe kusa da Waza a Fabrairu 2013. A Mayu 2014 Biya ya ayyana yaƙi da ƙungiyar a taron Faris, a Yuli kuma mayaƙanta suka faɗa wa Kolofata suka sace matar mataimakin firaminista Amadu Ali. A wannan shekara aka kafa sabuwar shiyyar soja a Marwa, aka cire ta daga ƙarƙashin Garwa. A Janairu 2015 sojojin Cadi suka shigo Kamaru don kawo ɗauki, kuma su ne suka tsallaka daga Fotokol suka karɓe Gamboru a cikin Nijeriya. Wato ƙasar da ta fi kowa talauci, wadda ta sayar da makomar 'ya'yanta ta sayi makamai, ita ta ceci manyan maƙwabtanta biyu a wannan karo. Aka kafa rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Njamena, shiyyarta ta ɗaya tana Mora. A Oktoba 2015 Shugaba Obama ya sanar da tura sojojin Amurka har 300 zuwa Kamaru, inda suka riƙa tayar da jirage marasa matuƙi daga Garwa don leƙen asiri.

Sauran nauyin kuwa a kan talakawa ya faɗa. A ƙauyukan bakin iyaka 'yan sintiri masu kwari da baka da bindigar harbi-ka-ruga ne ke tsare ƙofar kasuwa da masallaci, ba su da albashi, kuma da yawa sun mutu wajen tare masu ƙunar baƙin wake. An rufe makarantu, an rufe iyaka na tsawon lokaci, cinikin shanu da albasa da man fetur ya tsaya. A 2017 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton azabtar da fursunoni a sansanin BIR na Salak kusa da Marwa, a 2019 kuma Amurka ta rage tallafin sojan da take bayarwa saboda irin waɗannan zarge-zarge. Da rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya zama yaƙi a 2017, sai aka kwashi wani ɓangare na dakarun arewa aka tura kudu maso yamma.

Binciken gidaje da hukumar ƙididdigar Kamaru ta yi a 2014 ya nuna cewa kashi 37.5 cikin ɗari na 'yan ƙasar na cikin talauci. A jihar Arewa, inda Garwa da Pitowa suke, adadin ya kai kashi 67.9, a Arewa Mai Nisa kuwa kashi 74.3. Waɗannan alƙaluma suna bayyana yadda Boko Haram ta iya jan matasa da babur da ɗan jari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa Kamaru ta riƙe kasafin soja mai sauƙi in an kwatanta da maƙwabtanta saboda dalilai uku: inuwar Faransa, dogaro da sulhu da shari'a a mu'amalarta da Nijeriya, da kuma rundunoni na musamman da ake biya ta bayan fage. Nijeriya ta kashe kuɗi mafi yawa, amma satar kuɗin makamai ta rage musu amfani. Cadi ta kashe kaso mafi girma na arzikinta, ta sami sojan da ake shakka, duk da haka shugabanta Idris Debi a fagen fama ya mutu a Afrilu 2021.

Wasu daga cikin waɗannan ginshiƙai sun fara girgiza. Sojojin Faransa sun bar Cadi a Janairu 2025, Nijar kuma ta fice daga rundunar haɗin gwiwa a Maris na shekarar. Bayan zaɓen Oktoba 2025, Garwa, mahaifar ɗan takarar adawa Isa Ciroma Bakari, ta ga zanga-zanga da jibge jami'an tsaro a titunanta. Don haka ɗalibin da ya ci karo da jadawalin kuɗin soja, ya kamata bayan ya karanta adadin ya yi tambayoyi uku: ta wace ƙofa kuɗin suka fita, wace runduna ta karɓa, kuma wa aka girke ta ta tsare.